"Hey, what's up" ga shugabarka a buro? Tsaya tukuna

Wani ƙanena ya turo min tambaya, ya ce ya samu istaj, wato zaman koyon aiki, a wata ONG, ƙungiya mai zaman kanta, nan cikin Damagaram, shugabar tasu 'yar Kenya ce kuma da Ingilishi ake yawancin aikin, ga wani Nasara ɗan Ingila da ke zuwa daga Yamai lokaci-lokaci. Shi kuma Ingilishinsa rabi daga lakwal ne rabi daga fim da TikTok, shi ne yake son ya san ko "hi", "hey", "what's up" da irinsu sun dace a gaida kowa da su, ko akwai wurin da za su zama rashin kunya. Ya ce a fadarsu, wato majalisarsu ta samari, haka suke gaisawa kullum babu wanda ya taɓa cewa komai.

To ƙanena, na daɗe ina koyar da Ingilishi a kolej da lise, na kuma yi tafinta wa baƙi, saboda haka bari in ba ka amsa a buɗe. A fadarku ka ci gaba da abinka, babu laifi ko kaɗan. A buro kuwa kada ka soma da su, sai in ita shugabar ce ta sauko da kanta.

Dalilin shi ne abin da yawancin yaranmu ba a faɗa musu a aji. Mu da muka tashi da Faransanci muna da tu da vous, ko ka ce wa mutum salut, in ka bi shi da vous ya san ka girmama shi. A Hausa ma muna da "ku" ga babba, muna da ranka ya daɗe, muna da durƙusawa da cire takalmi. Shi Ingilishi na yau "you" ɗaya gare shi, da shi za ka yi wa sarkin Ingila magana da shi za ka yi wa yaron makwabta, a da suna da "thou" amma ta mutu a maganar yau da kullum tun ɗaruruwan shekaru, sai a tsofaffin littattafai da addu'o'in coci. To in babu vous ina girmamawar za ta zauna? A gaisuwar farko take zama, da yadda ka kira sunan mutum. Shi ya sa kalmomi biyu ko uku na farko suke da nauyi haka, da su mai jin ka zai gane inda ka ajiye shi da inda ka ajiye kanka, kuma ba za ka samu wata kalma a tsakiyar magana da za ta gyara ba.

Gaisuwar tasu hawa-hawa ce. A sama akwai "good morning", "good afternoon", "good evening", waɗannan ba sa ɓata wa kowa rai a ko'ina, daga ofishin jakadanci har wurin mai shayi. Ƙasa da su kaɗan "hello", wadda take tsaka-tsaki, kana iya faɗa wa baƙo kana iya faɗa wa aboki. Abin dariya ma ita hello ɗin ba tsohuwar gaisuwa ba ce sosai, waya ce ta yaɗa ta, Thomas Edison ne a 1877 ya ba da shawarar a riƙa amsa tarho da ita, shi kuwa Graham Bell "ahoy" ya fi so, irin kiran da matuƙan jirgin ruwa ke yi. Sai "hi", wadda a Amurka da Ingila yanzu ta zama ta kowa, abokan aiki, mai kanti, makwabci, har likita yana iya shigowa ya ce maka hi. Sai "hey", ta abokai da sa'anni. Can ƙasa kuma su "what's up", "sup", "yo", waɗannan na majalisar samari ne, na wanda kuke cin abinci kwano ɗaya. Akwai kuma "how do you do" da tsofaffin littattafanmu na aji shida suka cika da ita, ita wannan ta yi sama har ta wuce rufi, da wuya ka ji matashi ya faɗe ta yau, in an haɗa ka da wani sabo ka ce "nice to meet you" ya isa.

Yanzu batun buronka. Ranar farko, da ma makon farko gaba ɗaya, "good morning" za ka ce, ka haɗa da madam ko sunanta na iyali. Sannan ka buɗe kunne. In ta amsa da "good morning" ka tsaya a nan. In kullum "hi" take ce maka, tana sa hannu a saƙo da sunanta na farko kawai, ko ta ce maka kai tsaye ka kira ta da sunanta, to ta buɗe maka ƙofa, sai ka sauko zuwa "hi" ko "morning" ba tare da good ba. Ka ga mai kaya a kasuwar Dole, sama yake fara sa kuɗi don saukowa ba ta da wuya, amma in ya fara daga ƙasa ba shi da bakin ɗagawa kuma. Wanda ya fara da good morning aka ce masa haba ka saki jiki bai yi asarar komai ba, an ma ce yaron na da tarbiyya, wanda ya shigo da "yo what's up" ran Litinin ya dawo "good morning madam" ran Talata kowa ya san an ja masa kunne ne.

Kuma ko ta sauko, akwai ranar da za ku koma sama. In baƙi sun zo daga ma'aikatar gwamnati, ko masu ba da kuɗin aikin, ko ana taro da manya, ita kanta za ka ji ta canza murya ta ce "good morning everyone". Kada kai ka zo da "hi guys" a irin wannan zaman. Hi guys ta abokan aiki ce sa'anninka, kuma wasu matan ma ba sa son a haɗa su cikin guys ɗin, "hi everyone" ta fi kwanciyar hankali.

Amma abin da na fi son ka riƙe, wanda ke rikita mutanen Damagaram musamman, shi ne Ingilishi ba ɗaya ba ne. Mu nan kunnenmu biyu ne, ɗaya yana jin na Najeriya saboda Kano na kusa, 'yan kasuwarmu kullum suna hanyar Matamaye da Magarya, yaranmu da yawa can suke karatu, ɗayan kuma yana jin na Amurka ta waya. Su biyun dokokinsu sun sha bamban sosai a wajen gaisuwa.

A Najeriya Ingilishi ya sa rigar gida. Girma girma ne, yaro ba ya ce wa malaminsa na jami'a "hi", sai "good morning sir", mace "good morning ma", kuma in ka shiga ofis a Kano ko Zariya ka ce wa babban ma'aikaci "hey" wallahi takardarka na iya kwana a ƙarƙashin tebur, don a kunnensu hey ba gaisuwa ba ce, kira ne irin na "kai!" da ake yi wa yaron da ya yi laifi. Ghana ma haka, waɗanda ke tahiya Akara koyon Ingilishi sun sani, ka wuce mutum ba ka ce good morning ba sannan ka dawo tambayar hanya sai ya tuna maka. Kenya ma ba ta da nisa da wannan, shi ya sa na ce ka bi shugabarka a hankali, ita 'yar Afirka ce kamar ka, ta san yaro ta san babba ko da aikin ƙungiyoyin waje ya sa ta saba da hi. Su 'yan Najeriya gaisuwarsu ta abokai daban ce, "how far", "how you dey", "how body", kuma ita ma tana da iyaka, how far ta direba ce da abokin ciniki da ɗan ajinku, ba ta farfesa ba.

A Amurka kuwa "hey" ta zama ruwan sha, ɗalibi na iya ce wa abokin aikinsa da ya girme shi da shekara ashirin hey babu wanda zai ɗaga kai, a kamfanoni da yawa ma'aikaci da sunan farko yake kiran shugabansa. Ingila na tsakiya, hi da hello da "morning" sun fi yawa, "sir" kuma ba a yawan faɗarta tsakanin abokan aiki, ta 'yan makaranta ce ga malaminsu, da soja, da ma'aikacin otel ga baƙo. Shi wancan Nasaran naku in ka dinga jera masa sir sir a kowace jimla zai ji nauyi, ƙila ya ce maka ka bari, in ya ce ka bari to ka bari da gaske, nacewa a kai ba ladabi ba ne a wurinsa.

Akwai kuma gaisuwar da muke ɗauka daga Hausa mu zuba cikin Ingilishi, a Najeriya ta zauna daram, a waje kuma sai a yi ta kallon ka. Sannu da aiki ta zama "well done", ɗan Najeriya ya gane nan take, ɗan Ingila kuwa zai ɗauka kana yaba masa ne kamar malami ya duba aikin ɗalibi, ka ga kai ɗan istaj ka leƙa ofishin babba ka ce masa well done, abin ya juye. Ina kwana ta zama "how was your night", wannan ita ce mai haɗari, a Legas da Abuja gaisuwa ce ta kullum, amma Baturiya in namiji ya tambaye ta yadda darenta ya kasance sai ta ji kamar ana leƙa mata ɗaki. Ina gida ina iyali ma, mu wajibi ne, su kuma "how is your wife" daga bakin wanda ba a saba da shi ba tana da ɗan nauyi, in kun saba ka ce "how's the family" ya wadatar.

Wani abu kuma da ke ɓata wa mutanenmu rai a banza shi ne gajartar gaisuwarsu. Mu a nan ka haɗu da mutum sai an bi ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina zafi, ina ƙura, lahiya lau lahiya lau har a rabu. Su kuwa mutum zai ce maka "hi, how are you" yana tahiyarsa bai ko rage sauri ba. Ba wulaƙanci ba ne, kuma ba tambaya ba ce ta gaske. Amsarta "fine thanks, and you" ko "good, you", shi ke nan, kada ka tsaya ba da labarin zazzaɓin da ka kwana da shi. In ka duba mu ma ai haka muke, mutum na kwance a asibiti a ce ina kwana ya ce lahiya lau. Bambancin kawai mu muna jera goma su ɗaya suke yi. Wurin da how are you ke zama tambaya ta gaske shi ne gaban likita, ko in aboki ya zaunar da kai ya rage murya.

"What's up" ita ma haka, kuma a nan ake kama wanda ya haddace ba tare da ya iya ba. An ce maka what's up ka ce "I am fine", an gane. Amsarta "not much" ko "nothing much, you", ko ka mayar da what's up ɗin kawai. 'Yan Ingila kuma suna da tasu, "you alright" ko "alright" kaɗai, wadda ke sa baƙo ya taɓa fuskarsa yana tunanin ko ya rame ne. Gaisuwa ce kawai, ka ce "yeah, you" ku wuce. Shawarata in ba ka iya amsa gaisuwa ba kada ka zama kai ne mai fara ta.

Sai maganar lokaci, wadda laifin Faransancinmu ne. Mu nan da rana ta raba ake fara bonsoir, ƙarfe ɗaya na rana ma bonsoir ne, sai yaro ya juya ta kai tsaye ya ce "good evening" ana tsakiyar azahar. A Ingilishi daga sha biyun rana har wajen biyar ko shida good afternoon ne, evening sai rana ta yi sanyi. "Good night" kuma ba gaisuwar shigowa ba ce sam, ta rabuwa ce, ko ƙarfe goman dare ka shiga wuri good evening za ka ce. Kowace shekara sai na samu ɗalibin da zai yi sallama da good night yana shigowa.

Rubutu kuma ya fi baki tsanani, don magana iska ke ɗauke ta amma imel yana nan. In kana neman aiki, ko gurbin karatu, ko kana rubuta wa malamin jami'a a waje, "Dear" za ka fara da ita sannan muƙami da sunan iyali, Dear Dr wane, Dear Ms wance, in ba ka san sunan ba Dear Sir or Madam. Kada dear ɗin ta ba ka kunya, a kan wasiƙa ba ta da alaƙa da soyayya, ko takardar haraji da ita ake farawa. Ka lura da sunan, Mr da Mrs da Dr da sunan iyali suke tahiya ba da na farko ba, a Najeriya ana cewa Mr John ba komai amma a Ingila sai a ji wani iri. Mu kuma da muke rubuta suna biyu ko uku a jere kamar Musa Abdu Isa, su kansu ba sa gane wanne ne wanne, saboda haka in ka ga an rubuto maka Dear Mr da sunan kakanka kada ka yi mamaki. In sun amso da "Hi" da sunanka na farko, a saƙo na gaba kana iya bin su.

Amma dear ɗin nan in ta bar kan wasiƙa ta zama wani abu daban, ina roƙon samarinmu su ji wannan. "Hi dear", "hello dear" ga macen da ba ka sani ba a Facebook ko WhatsApp, ko abokiyar aiki, ba ladabi ba ne. A Najeriya da Indiya ana yawan yi, mace ma ta ce wa mace dear, amma a wurin Baturiya ko Ba'amurkiya alama ce ta mai neman ta ko ɗan damfara, da yawa daga nan suke bulokin mutum ba su karanta sauran ba. Haka "baby", "sweetie", "beautiful". Za ka ji wata tsohuwa mai kanti a Ingila ta ce maka "love" ko "darling", wannan nata ne, shekarunta da garinta suka ba ta, kai ba ka da wannan lasisin.

WhatsApp na aiki ma yana da nasa. Abin da ya fi ba mutanen nan haushi shi ne ka tura "Hi" kaɗai ka zauna jiran amsa, sannan "how are you", sannan "how is work", mutum yana ta jiran ka faɗi abin da ya kawo ka. Mu a wurinmu shiga magana kai tsaye rashin tarbiyya ne, su a wurinsu cin lokaci ne. Haɗa su a saƙo ɗaya, gaisuwa layi guda sai buƙatarka a ƙasa. Su "gm", "gud mrng", "xup" ka bar wa gurup ɗin 'yan ajinku.

Ganawar neman aiki, neman biza, jarrabawar baki irin ta IELTS, mai gwada iya Ingilishi, da ake zama da mai jarrabawa minti 11 zuwa 14, duka good morning ko good afternoon, ko hello in mai tambayar ya fara da ita. Wurin rasuwa babu what's up babu how are you mai fara'a, "I'm sorry for your loss" za ka ce ka yi shiru. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Wanda ke buƙatar bayani shi ne kalmar nan ta baƙaƙen Amurka mai farawa da harafin n, da nake ji yara suna kiran junansu da ita a bakin lise suna haɗawa da yo. Sun ji ta a waƙa sun ɗauka tana nufin aboki. Kalma ce ta zagi daga zamanin bauta, su jikokin bayin suka karɓe ta suna faɗa tsakaninsu, kuma ko a cikinsu akwai masu ƙin ta sosai. Kasancewarka baƙar fata ba ya sa ta zama lahiya a bakinka a wurin aiki, a ƙungiyoyin waje tana iya jawo maka kora. "Bro", "man", "dude", "mate" ba zagi ba ne amma na sa'anni ne, kuma boss da ake ce wa mai gyaran babur ba ita ake ce wa boss na gaske ba.

Wani zai ce to duk wannan wahala a kan yaren da ba namu ba. Ai kundin Refondation da gwamnatin Nijar ta fitar a Maris 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, ke nan wanda ke neman aiki zai ƙara cin karo da shi, daga Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram har ofisoshin ƙungiyoyi. Harshen aiki kuwa a wurin aiki ya kamata ya tsaya, ni abin da ba na so shi ne yaro ya shigo gida ya ce wa baffansa "hi", ko ya wuce dattawa a ƙofar masallaci ya ɗaga musu hannu da hello. Wannan ba wayewa ba ce, ko Ba'amurken da kake kwaikwayo in ya zo Birni koya masa ake ya ce ina kwana. Kuma in wanda za ka gaisar Musulmi ne, ɗan Pakistan ne ko ɗan Sudan ko ɗan Landan, salamu alaikum tana shiga kowane mataki, babba da yaro, buro da titi, daga nan ku ci gaba da Ingilishinku.

Ka kuma tambaya ko "ma" za ka ce mata ko "madam". Ma ta 'yan Najeriya ce, 'yar Kenya za ta gane amma ba ita ta saba ji ba, a can madam ake ce wa malama da shugaba mace, kuma ta yi daidai da madam ɗin da bakinka ya riga ya saba da ita a Faransanci. "Ma'am" ta Amurkawa ce, musamman na kudu da sojoji. In tana da digirin dakta to Doctor da sunan iyalinta ya fi duka. In kuma ka kasa gane wanda take so, tambayi sakatare ko direban buron yadda suke kiran ta, sun fi kowa sani.